Terrifier 3 da ra'ayoyin masu kallonsa

Terrifier 3 fim ne na ban tsoro da aka shirya a Amurka, ya fito a watan Oktoba na 2024. Damien Leone ne ya rubuta labarin, shi ne kuma ya ba da umarni. Yana cikin finafinan kisan gilla, waɗanda Turawa ke kira slasher: labarin makashi guda da ke bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana hallaka su da makamin hannu, wuƙa ko gatari ko zarto. An fi sanin fim ɗin da gardamar da ya tayar tsakanin masu kallo fiye da labarinsa, domin ya nuna jini da yanka a fili fiye da yadda aka saba gani a manyan gidajen sinima.

Asalin irin waɗannan finafinai

Masana tarihin fim kan fara lissafi daga Psycho na Alfred Hitchcock (1960), su biyo ta The Texas Chain Saw Massacre na 1974. Amma Halloween na John Carpenter (1978) ne ya kafa tsarin da kowa ya bi daga baya: makashi mai rufe fuska, matasa marasa lura, da budurwa ɗaya da ke tsira a ƙarshe. An yi shi da kuɗi kaɗan ya kawo riba mai yawa, don haka masu kwaikwayo suka yi yawa a shekarun 1980. Da kasuwar ta yi sanyi, Scream na Wes Craven ya farfaɗo da ita a 1996. Sukar ma tsohuwa ce. Tun 1980 mashahuran masu sharhin fim na Amurka, Gene Siskel da Roger Ebert, suka zargi waɗannan finafinai da cin mutuncin mata. A 1992 malamar jami'a Carol J. Clover ta kawo wata fahimta dabam, inda ta nuna cewa mai kallo, ko namiji ne, yakan koma bayan budurwar nan da ke tsira.

Labarin da jarumansa

Makashin fim ɗin shi ne Art, ɗan barkwanci mai fuska shafe da farin fenti, baƙin leɓe da ƴar ƙaramar hula. David Howard Thornton ne ke fitowa a matsayinsa. Art ba ya magana ko kaɗan. Da ido da hannu yake komai, har dariyarsa ba ta da sauti. Kashi na farko na jerin finafinan Terrifier ya fito a 2016, na biyu a 2022. A na uku labarin ya tsallake shekara biyar, aka kai shi lokacin Kirsimeti, Art ya sa jajayen kayan Baban Kirsimeti yana neman Sienna Shaw, budurwar da ta sare kansa a kashi na biyu. Lauren LaVera ce ke fitowa a matsayin Sienna. Art ba mutum ne zalla ba: ya mutu ya tashi, kuma akwai shaiɗaniyar da ke tare da shi a jikin wata mata mai suna Victoria.

Kasuwa da hukumomin tacewa

An kashe kimanin dala miliyan 2 wajen shirya fim ɗin, wato sama da sefa miliyar ɗaya, ya kuma tara kusan dala miliyan 90 a faɗin duniya. A makon fitowarsa a Amurka shi ne ya zo na ɗaya, ya ture Joker: Folie à Deux da aka kashe wa kusan dala miliyan 200. An sake shi can ba tare da hatimin hukumar da ke rarraba finafinai bisa shekarun masu kallo ba, abin da a da kan sa manyan gidajen sinima su ƙi karɓar fim. A Faransa kuwa an hana ƴan ƙasa da shekara 18 shiga kallonsa, matakin da ba a ɗauka kan fim ɗin ban tsoro ba tun Saw III na 2006. Kamfanonin da suka kawo shi ƙasar sun fitar da sanarwa suna ƙorafi, sai dai hanin ya ƙara masa suna.

Tun kashi na biyu ake yaɗa labarin cewa wasu sun suma, wasu sun yi amai, wasu sun tashi sun fice ana tsakiyar kallo. Masu tallar fim ɗin ba su ɓoye waɗannan labarai ba, su ne ma suka riƙa yayata su. Da yawa cikin waɗanda suka sayi tikiti sun je ne su gwada zuciyarsu, su fito su ce sun jure har ƙarshe.

Masu yabo

Abu na farko da masoyan fim ɗin ke ambata shi ne aikin hannu. Yawancin raunukan da ake gani an haɗa su ne da roba da jinin ƙarya a gaban kyamara, ba zanen kwamfuta ba, kuma Leone kansa mai wannan sana'ar ne kafin ya shahara da ba da umarni. A wurinsu kallon fim ɗin kallon gwaninta ne, kamar mai kallon ɗan dabo: ya san ba gaske ba ne, yana dai mamakin yadda aka yi. Na biyu shi ne wasan Thornton. Ban dariyar da yake cakuɗawa da mugunta kan sa mutum ya yi dariya, sannan ya ji kunyar dariyar da ya yi, kuma masoya na ganin nan ne ƙarfin fim ɗin yake. Akwai kuma masu murnar ganin ƙaramin jerin finafinai da aka fara da kuɗin aljihu da gudummawar masoya ya kayar da manyan kamfanoni. A shafin Rotten Tomatoes, mai tattara ra'ayoyin masu sharhin fim, sama da kashi 70 cikin 100 na masu sharhi sun yaba masa, kamfanin CinemaScore da ke tambayar masu kallo a daren farko kuma ya ba shi makin B, wanda ba ƙarami ba ne ga fim ɗin ban tsoro.

Masu suka

Babban ƙorafi shi ne labarin bai kai jinin ba. Fim ɗin ya haura awa biyu, kuma masu suka na ganin ana jan labarin ne kawai daga wannan kisa zuwa na gaba. Wasu sun ce ƙyama dabam, tsoro dabam: abin da ke tayar da zuciya ba lallai ya hana mutum barci ba. Wannan suka tana da ƙarfi, domin da zarar ido ya saba da yankan, abin da ya rage na fargaba kaɗan ne. Shigar da yara cikin waɗanda ake kashewa ya ɓata wa mutane da yawa rai, har cikin masoyan kashi biyun farko. Zargin cin mutuncin mata, wanda ya samo tushe daga wani mummunan kisa a kashi na farko, bai gushe ba, ko da yake masu kare fim ɗin kan nuna Sienna a matsayin amsa.

A Maradi

Fim irin wannan ba ta ƙofar sinima yake shiga Maradi ba. Ta waya yake zuwa, daga masu tura finafinai a kati, ko guntu-guntu a TikTok da WhatsApp, kuma sau da yawa guntun ne ake fara gani kafin cikakken fim. Masu kallonsa galibi samari ne, a fada ana dafa shayi waya na zagawa hannu zuwa hannu, da ɗalibai masu bibiyar finafinan waje. Kasuwarsa ba ta kusa da ta finafinan Kano ko na Indiya da aka fassara da Hausa. Yana da sauƙi guda: tunda makashin bebe ne, wanda ba ya jin Faransanci ko Ingilishi ba ya rasa abu mai yawa.

Ma'aunin tsoro a nan ya sha bamban da na Amurka. Wanda ya tashi da tatsuniyar Dodo da labarin mayu da aljanu, a garin da bori ke da tsohon tarihi, abin da ba a gani ya fi razana shi. Ɗan barkwanci mai fentin fuska baƙo ne a al'adar, don haka wasu samari kan ɗauki Art abin dariya, su riƙa kwaikwayon gwalonsa. Inda ya fara kama su shi ne batun tashi bayan mutuwa da shigar shaiɗaniya jikin mace, domin wannan ya yi kusa da abin da suka sani. Ana kuma jin tambayar da ake yi wa duk finafinan kisan gilla: ina maƙwabta suke? Gida ɗaya can gefe, mutum na kururuwa ba wanda ya leƙo, abu ne mai wuyar shiga kan wanda ya saba da unguwar da kuka ɗaya ke tara jama'a.

Akwai kuma waɗanda ba sa ganin nishaɗi a ciki sam. Tun 2019 jihar Maradi ke karɓar ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina, kuma yankunan Gidan Rumji da Madarumfa sun sha fama da hare-haren ƴan bindiga da satar mutane. Ga wanda abin ya taɓa danginsa, yanka ba wasa ba ne ko da na roba ne. Iyaye da malamai kuwa sun fi damuwa da tsiraicin da ke wasu wurare na fim ɗin, da fargabar kada yawan ganin jini ya ƙeƙasar da zuciyar yaro. Dokar shekara 18 ta Faransa tana aiki ne a inda akwai mai tsaron ƙofa, wayar da wa ya ajiye ƙane ya ɗauka kuwa ba mai tsaronta.

Kashi na uku ya ƙare ba tare da an warware labarin ba, Art na nan da ransa, kuma Leone ya tabbatar da cewa yana shirya na huɗu.