Ma'anar "satar fasaha": wanda ya tafi Ghana da dikodarsa ɓarawo ne?

Tun bayan ja-in-jan da aka yi tsakanin gwamnatin Ghana da kamfanin MultiChoice mai DStv a 2025, kalmar "satar fasaha" ta samu sabon aiki. Da can mun fi jin ta a bakin 'yan fim ɗin Kano, lokacin da mutum zai zuba dukiyarsa ya shirya fim, kafin ya mayar da uwar kuɗi an gurza faya-fayan bogi an baza a kasuwa. Wannan sata ce, ba sai an tsaya bayani ba. Yanzu kuwa, duk wanda ke kallo a Accra ko Kumasi da dikodar da aka yi wa rajista a Najeriya, sai ka ji masu labarai sun ce yana "satar fasaha ta ƙetaren iyaka". Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne an yi wa mutum uku kuɗin goro, alhali ɗaya ne kawai a cikinsu ya ɗauki abin da bai biya ba.

Asalin rigimar farashi ne. Ministan sadarwa na Ghana, Sam George, ya nemi a rage kashi 30 cikin ɗari na kuɗin wata, yana cewa babban tsarin da ɗan Ghana ke biya wa kwatankwacin dala 83, ɗan Najeriya na samun sa a kan dala 29. Da aka sasanta a ƙarshen Satumba, cikin abubuwan da aka amince har da kafa kwamitin da zai yaƙi shigo da dikodoji daga Najeriya. To, duk inda aka samu tazara irin wannan tsakanin kasuwanni biyu da ke kusa da juna, kaya za su bi hanya.

Abin da ya sa dikodar ke aiki a can ba wani siddabaru ba ne. Tauraron ɗan'adam ɗin yana sama da nisan kilomita wajen 36,000, yana watso sigina kamar yadda tocila ke haska fili, kuma hasken ba ya tsayawa a kan iyakar Seme ko Aflao don a buga masa hatimi. Najeriya da Ghana duk tauraron Eutelsat da ke digiri 36 gabas suke fuskanta. Ka kira mai haɗa dish a unguwar Nima ta Accra, ya hau rufi da 'yar na'urarsa da sufana, yana juya farantin a hankali, yaronsa na ƙasa yana duban allo yana cewa "ƙara kaɗan", har layin sigina ya cika. Shi ke nan. Saƙon hanya ɗaya yake bi, daga sama zuwa ƙasa. Dikoda ba ta mayar da amsa, don haka tauraron bai san ko a Fagge take ko a zangon Kumasi ba. Abin da ake dubawa kawai shi ne lambar kati: an biya, ko a jefo maka E16, alamar an rufe tasha, a allo.

Ashe iyakar ba a sama take ba, a takarda take. Masu gasar Firimiya da sauran masu haƙƙin mallaka yanki-yanki suke sayar da izinin nuna wasa. SuperSport na da nata a Afirka kudu da Sahara, beIN na da Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, Sky na da kaso mafi tsoka a Birtaniya. Shi kuma kamfanin talabijin sai ya sake rarraba nasa ƙasa-ƙasa, kowace da farashinta, da lasisinta, da harajinta. Sharaɗin da ka amince da shi ranar da aka yi maka rajista, ko ka karanta ko ba ka karanta ba, yana ɗaure katin ga ƙasar da aka yi rajistar.

Na farko cikin mutum ukun nan, ɓarawo na gaskiya a wannan harka, an gan shi, sunansa beoutQ. Daga 2017, lokacin da Saudiyya da ƙawayenta suka yanke hulɗa da Qatar, zuwa Agustan 2019, wannan tasha ta riƙa ɗaukar abin da beIN, kamfanin ƙasar Qatar, ke watsawa kai tsaye, ta manna tambarinta a kan na masu shi, ta sake watsawa, har da gasar cin kofin duniya ta 2018. Ko sisi ba ta biya kowa ba. A 2020 kwamitin shari'a na Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ya samu Saudiyya da gazawa wajen hukunta masu wannan aiki. 'Yan uwan beoutQ ƙanana su ne masu fasa makullin kati su raba wa ɗaruruwan akwatuna ta intanet. Waɗannan kalmar ta dace da su ɗari bisa ɗari.

Na biyu shi ne ɗan kasuwar da ke sayen dikodoji da yawa a Legas, ya yi musu rajista da adireshin ƙarya, ya tsallaka da su, ya riƙa karɓar sidi, kuɗin Ghana, yana biya da naira. Ba na wanke shi. Ya yi ƙarya, ya hana Ghana harajinta, ya kashe wa dillalan da ke da lasisi kasuwa. Amma laifinsa na da suna tun tuni: fasa-ƙwauri. Kuɗin watan kuwa ya shiga asusun kamfanin, sai dai ta reshen da ya fi arha.

Na uku shi ne wanda nake jin zafin a kira shi ɓarawo. Ɗan kasuwa ne ko ɗalibi ko ma'aikaci da zama ya kai shi wata ƙasa na 'yan watanni, ya naɗe dikodarsa a zani ya sa a jaka, yana biyan kuɗinsa duk wata da sunansa na gaskiya. Yana son labaran gida da tashoshin da iyalinsa suka saba. Iyakar abin da za a ce ya yi shi ne saɓa sharaɗin yarjejeniya, kuma kamfani na da ikon rufe katin idan ya gano. Saɓa sharaɗi daban, sata daban.

Ba ni kaɗai ke faɗin haka ba, an taɓa kai maganar gaban alƙalai. Karen Murphy mai mashaya ce a Portsmouth ta Ingila. Ta ga kuɗin da Sky ke karɓa daga wuraren kasuwanci ya fi ƙarfinta, sai ta sayi kati da dikodar tashar Nova ta ƙasar Girka, ta riƙa nuna wasannin Firimiya da su. Akwai ma ƙarin riba: a Ingila ba a nuna ƙwallo kai tsaye a talabijin da misalin ƙarfe uku na yammacin Asabar, don kada filaye su rasa 'yan kallo, amma tashar Girka ba ruwanta da wannan. Aka gurfanar da ita, aka ci ta tara da kuɗin shari'a kusan fam 8,000. Matar nan ta ƙi haƙura, har magana ta kai Kotun Tarayyar Turai. Ranar 4 ga Oktoban 2011 kotun ta ce dokar da ta hana shigo da katin wata ƙasar Tarayyar, ko sayar da shi, ko amfani da shi, ta saɓa wa 'yancin kasuwanci tsakanin ƙasashen. Wurin da ya fi jan hankalina shi ne inda ta ce katin da kamfani ya ƙera da kansa, aka biya kuɗinsa, ba ya zama haramtacciyar na'ura don kawai an ƙetare iyaka da shi, ko da an samo shi da suna da adireshin ƙarya. A Fabrairun 2012 babbar kotun Landan ta soke hukuncin da aka yi mata.

Sai dai kada masu gidajen kallo su yi saurin murna. Kotun ta ce wasan ƙwallo shi kansa ba ƙirƙirarren aiki ba ne da haƙƙin mallaka zai rufe, amma taken gasar da tambura da zane-zanen da ke fitowa a allo na masu su ne, kuma nuna su ga taron jama'a a wurin kasuwanci na buƙatar izini. Kallo a falonka da tara mutane a rumfa kana karɓar kuɗin shiga ba hukuncinsu ɗaya ba. Sannan hukuncin na ƙasashen Tarayyar Turai ne, ba ya aiki a Kano ko Tamale.

Turawan sun ƙara gaba. Daga 1 ga Afrilun 2018, duk wanda ke biyan kuɗin kallo ta intanet a wata ƙasar Tarayyar, dole kamfani ya bar shi ya ci gaba da kallo idan ya je wata ƙasar Tarayyar na ɗan lokaci. Sun gane cewa matafiyi ba ɓarawo ba ne, sai suka rubuta shi a doka. 'Yan Birtaniya sun rasa wannan dama bayan ƙarshen 2020, da ficewarsu ta kammala. Wannan doka ta intanet na da muhimmanci, domin a can ne kulle yake da haƙori: manhaja na ganin adireshin intanet ɗinka, ta san ƙasar da kake, ta rufe maka ƙofa nan take, abin da dish ba zai iya ba. Yadda kallo ke ƙaura daga rufin gida zuwa waya, matafiyinmu zai ƙara shiga matsi ne, ba sauƙi ba.

ECOWAS ta amince da zirga-zirga ba tare da biza ba tun 1979. Mutum ya tashi daga Kano da fasfonsa ya sauka Kumasi ba wanda zai tare shi, to me zai sa abin da ya biya da guminsa ya zama laifi don ya biyo shi? Ni a ganina abin da ya kamata hukumomin sadarwa na Najeriya da Ghana su zauna a kai shi ne a ba mai kati damar sanar da kamfani cewa zai yi tafiya, a ɗibar masa wa'adi na wata uku ko shida, idan zama ya zarce haka a mayar da rajistarsa ƙasar da yake, ya biya farashinta da harajinta. Hakan zai bar kwamitin da Ghana ta kafa ya fuskanci masu lodin dikodoji da masu fasa kati, ya ƙyale ɗalibin da ke kallon labaran gida a ɗakin haya.