Gurɓacewar ruwan gaɓa a wuraren yawon buɗe ido

Gurɓacewar ruwan gaɓa ita ce lalacewar da ruwan wanka ke yi a bakin teku ko kogi idan baƙi suka yi wa wurin yawa. Leda da robobi ido ke fara gani, amma najasa ce ke yin babbar ɓarnar. Otal-otal da masaukai kan haƙa shadda da sokawe cikin yashi, shi kuwa yashi ba ya riƙe ruwa. Da zarar ɗakuna sun cika, ƙazantar ta tsiyaye ta ƙarƙashin ƙasa zuwa inda ake iyo, ruwan sama kuma ya kwaso ta kwata ya ƙara. Irin wannan ce ta sa gwamnatin Filifin rufe tsibirin Boracay har wata shida a 2018.

Najasa na ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke jawo gudawa da ciwon kunne da na ido. Taki ce kuma ga gansakuka: ta yi yabanya, ta mutu, ta ruɓe, ruɓewar ta cinye iskar oksijin ɗin ruwan. Abin ya fi tsanani da asuba, lokacin da ake ganin kifi na tasowa yana haki.

Garau ɗin ruwa ba shaidar tsabta ba ce, sai an auna. Akan ɗebi ruwan da kwalbar da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, santimita 30 ƙasa da saman ruwa, a inda zurfi ya kai mita ɗaya. A sa ta cikin ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji a ranar, kada dai ta wuce awa 24. Kwalbar da ta sha rana sakamakon ƙarya take bayarwa. Dokar Tarayyar Turai ta 2006 ta sa ruwan teku a ajin farko idan ƙwayoyin E. coli, waɗanda ke fitowa daga bayan gida, ba su haura 250 a mililita 100 ba, na kogi da tafki kuwa 500.

Jihar Kebbi ba ta da teku, amma tana da kogin Matan Fada da ke Argungu. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, da rani ake yin sa, sa'ad da ruwa ya ja baya, ƙarfinsa na wanke ƙazanta ya ragu, ga dubban masu homa da gora sun tayar da laka, ga 'yan kallo maƙil a gaɓa. Ruwan kogi na da wani haɗarin da babu a teku: tsargiya, wadda ƙwanta ke shiga ruwa ta fitsari, ta girma a jikin dodon koɗi, ta huda fatar mai wanka.