Burbushin roba a teku da cikin kifi

Burbushin roba, wanda masana ke cewa maikurofilastik, shine ƙananan gutsattsarin leda da roba da girmansu bai wuce milimita 5 ba, wani kamar ƙwayar gero, wani ko ido baya ganinsa. Wani masanin teku ɗan Ingila, Richard Thompson na jami'ar Plymouth, shi ya yaɗa sunan a 2004.

Asalin matsalar dai leda bata ruɓewa kamar ganye ko takarda, rana ce ke gasa ta har ta yi ƙamas, ka taɓa ta dinga marmashewa a hannu, to marmashin nan yana nan baya zuwa ko'ina. Ledar fiya wata da gorar lemo duk suna ciki, haka tayar mota da ke cinyewa a kwalta, da zaren kayan roba da ke fita wajen wanki.

Mutum zai ce ina ruwan Gombe da teku, amma ka duba kwata ranar da aka yi ruwan farko na damina, ledar da ta toshe ta ruwa zai kwashe zuwa kwari har kogin Gongola, wata ta maƙale a dam ɗin Dadin Kowa wata ta wuce, Gongola ya faɗa Binuwai a Numan, Binuwai ya haɗu da Neja a Lokoja, daga nan sai Atilantika.

A teku ƙananan halittun da ke yawo a saman ruwa su ke fara haɗiyewa tare da abincinsu, ƙaramin kifi ya cinye su, babba ya cinye ƙarami, har tsuntsaye. Abin tausayi wallahi, cikin dabba ya cika da roba ta ji kamar ta ƙoshi alhali yunwa ke cinta, ga sinadaran da burbushin ke ɗauke da su. An same shi har a ramin Mariana, wuri mafi zurfi a teku, an same shi a gishirin teku, a 2022 kuma masana a Holan suka gano shi a jinin mutum.

Yawanci a hanjin kifi yake taruwa, shi yasa titus ɗin ƙanƙara da aka yanka aka fidda kayan ciki ya fi sauƙi, ƙananan kifi da jatan lande da ake dakawa gaba ɗaya a zuba a miya kam ba a cire musu komai.