Feshin Kan Mai Uwa Da Wabi Shi Ke Ƙara Mana Ƙwari

'Yan'uwana manoma, wannan magana na sha faɗinta, kuma ba zan gaji ba. Kusan duk gonar da aka kira ni wai ƙwari sun ƙi jin magani, labarin ɗaya ne. Mutum ya hango tsutsa a jikin ganye, ko sunkuyawa bai yi ba, sai ya goya tanki ya feshe gona kaf. Kafin a jima ƙwarin sun dawo, sun fi na da yawa. Sai ya ƙara awo, ya gauraya magani kala biyu. Haba jama'a!

Ba duk abin da ke motsi a gona ne maƙiyinka ba. Ɗaga ganyen da ɗarɓa ta kama, za ka iya tarar da ɗan ƙwaron nan ja mai ɗigo-ɗigon baƙi yana ta cinye ta. Ga gizo-gizo, ga ƙoƙi-ƙoƙi, ga zanzaro da ke sungumar tsutsa ya kai wa 'ya'yansa. Su ne ke hana ƙwaro ɗaya cin karensa ba babbaka. Maganin da ke kashe ƙwari iri-iri kuwa ba ya tambayar waye, duk ya kwashe su. Masu ɓarnar sun fi saurin hayayyafa, waɗanda suka tsira kuma masu taurin rai ne, sai su farfaɗo su tarar babu mai cin su. Da hannunka ka share musu fili.

An ga haka a Indunusiya. Feshi ya yi yawa a gonakin shinkafa, ƙaramin ƙwaron nan mai tsotsar ruwan kara ya ɓarke, har gwamnati ta hana amfani da magunguna 57 a kan shinkafa a 1986.

Na san zafin ganin guminka yana lalacewa, kuma ban ce a daina magani ba. Feshin ido rufe nake roƙon ku bari.

Ku zaga gona da safe, ku juya ganye ku duba. Wanda ba ku gane ba, ku nuna wa malamin gona. In ya kama dole, a fesa inda cutar take kaɗai, da awon da ke jikin kwalba, kuma da yamma, bayan ƙudan zuma sun bar fure.