Warin fetur a tsohuwar mota ba tsufa ba ne

Kullum sai ka ji an ce "ai tsohuwar mota ce, dole ta yi warin mai." Wallahi wannan maganar tana damuna. Tsufa ba ya wari, in ka ji warin fetur to daga wani wuri yake fita.

Wani kuma zai leƙa ƙarƙashin mota bai ga ɗigo ba sai ya ce ai babu yoyo, alhali fetur da ya taɓa inji mai zafi nan take yake bushewa, tururinsa ne ke kama wuta kuma ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya inda tartsatsi kaɗan ya ishe shi.

Fara da murfin tanki, robarsa tana tsagewa. Sai tiyon mai, musamman bakin da aka ɗaure, ka duba da safe inji na sanyi, da tocila, kar ka kuskura ka kunna ashana. Kafireta ma, wato inda fetur ke haɗuwa da iska, in ta cika ta tumbatsa warin fetur take yi. Shinshina baƙin mai kuma, in yana warin fetur a mota mai famfon fetur a jikin inji, mai yiwuwa robar famfon ce ta fashe, kira makanike ya zo inda motar take.