Tamowa a ƙasar noma: tambayoyi da amsoshi kan abin da bincike ya gano game da cimar yara

Duk damina sai hotunan yara daga cibiyoyin tamowa na Katsina ko Maiduguri ko Maraɗi su cika waya, a yi jimami kwana biyu a wuce. Alhali akwai bincike jingim da aka shafe shekaru ana yi kan wannan matsala, wani ma a garuruwanmu aka yi shi da 'ya'yanmu, sai dai sakamakon yana can kwance a mujallun Turanci da Faransanci, iyayen yaran ba su taɓa jinsa ba. Ga wasu tambayoyi da ake yawan yi.

Wai tamowa iri ɗaya ce ko kala-kala ce?

Kala-kala ce. Akwai rama, wato yaro ya zube cikin ɗan lokaci, galibi bayan gudawa ko ƙyanda ko zazzaɓi, wannan ita ce mai saurin kisa. Akwai mai kumburi, ƙafa da fuska su kumbura gashi ya yi ja ya yi laushi, wadda wata likita Cicely Williams ta yi bayaninta a ƙasar Gana tun 1933. Sai ta ukun da ta fi yawa kuma ba a cika lura da ita ba, tsumburewa, yaro yana wasa yana gudu lafiya lau a ido amma tsayinsa bai kai na shekarunsa ba, sai a ce ai gajarta ce ta gado. Wani lokaci gadon ne, amma in ka ga rabin yaran gari guda a haka to ba gado ba ne. Mujallar kiwon lafiya ta Lancet a 2013 ta ƙiyasta kusan kashi 45 cikin 100 na mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara biyar a duniya suna da alaƙa da rashin ingantacciyar cima.

Wa ya zo ya ƙirga yaran har ake kawo alƙaluma?

A Najeriya Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke jagorantar babban binciken lafiya na gida-gida kusan duk shekara biyar. Ba kowane gida ake shiga ba, zaɓe ake yi ta hanyar ƙuri'a a kowace jiha, a shiga da sikeli da allon awon tsayi. A na 2018 an shiga gidaje sama da 40,000, aka samu kashi 37 na yara a faɗin ƙasa sun tsumbure. To amma wannan 37 ɗin yana ɓoye abu mai ɗaci, domin a Arewa maso Yamma kashi 57 ne, a Kudu maso Gabas 18, a Kebbi 66, a Anambra 14. Ƙasa ɗaya fa, tuta ɗaya, kasafin kuɗi ɗaya. Wannan shi ne rashin daidaiton lafiya da masana ke magana a kai, garin da aka haifi yaro da aljihun ubansa da karatun uwarsa sun riga sun yanke masa kaso mai yawa tun bai iya zama ba.

Mu ke noma hatsin da ƙasar ke ci, ya aka yi yaranmu suka fi kowa tamowa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci min rai, kuma amsarta ba guda ba ce. Na farko dai, abinci a kasuwa daban, abinci a tukunyar gida daban. Masanin tattalin arzikin nan ɗan Indiya Amartya Sen ya nuna cewa a yunwar Bengal ta 1943 ba shinkafar ce ta ƙare ba, kuɗin saye ne ya fi ƙarfin talaka, kuma kusan haka aka gani a Nijar a 2005, inda jihar Maraɗi da ake ɗauka rumbun ƙasar ita ce ta fi cika cibiyoyin tamowa, ga gero a kasuwa amma tiya ta yi tsadar da ba ta taɓuwa. Mu ma mun san yadda abin yake, ƙaramin manomi da kaka yana sayar da amfanin gona da arha don biyan bashin taki da hidimar biki da magani, in damina ta faɗi rumbu ya kwashe sai ya dawo yana sayen hatsin nan da tsada, kuma daidai wannan lokacin ne sauro da gudawa ke kan ganiya, uwa kuma tana gona ko tana fama da aikin gida ba hutu. Yanzu ga 'yan bindiga sun ƙara nasu a Zamfara da Katsina da Sakkwato, wasu ƙauyukan sai an biya haraji kafin a shiga gona.

Na biyu, cika ciki ba shi ne ginuwar jiki ba. Ku duba kokon da ake ɗura wa ɗan wata takwas, ruwa tsululu, in ka karkata cokali sai ya zube nan take, cikin yaron ɗan mitsitsi ne ya cika da ruwan gasara ya yi barci, uwa ta ɗauka ya ƙoshi. Ba mai, ba gyaɗa, ba wake, ba kifi. Ƙwan gidan an kai kasuwa, a wasu wuraren ma har yanzu ana cewa in yaro ya saba da ƙwai sata zai yi.

Na uku ciwo. Yaron da ba a yi wa rigakafi ba ƙyanda ta kama shi, ko yana shan ruwan da ke sa shi gudawa kowane wata, ko me ka ba shi ba zai zauna ba.

Me ya sa ake ta maganar kwana 1,000 na farko?

Daga ɗaukar ciki zuwa yaro ya cika shekara biyu kenan, lokacin da ƙwaƙwalwa da ƙashi ke ginuwa da gudu, abin da aka rasa a nan da wuya a cike gurbinsa daga baya. Shahararren binciken da ake kafa hujja da shi a Gwatemala aka yi, daga 1969 zuwa 1977, ƙauyuka huɗu, biyu ana ba yaransu wani kunu mai madara, biyu ana ba su abin sha mai zaƙi marar madara. Aka bi yaran nan har suka zama magidanta, a 2008 aka fitar da cewa mazan da suka sha kunun kafin su cika shekara biyu abin da suke samu a aiki ya ɗara na sauran da kusan kashi 46. Kun ga kenan talauci na haifar da tamowa, tamowa kuma ta koma ta haifi talauci.

A nan ne maganar nono ke shigowa. Dakashi da wasu ke matsewa a zubar wai ƙazanta ne, shi ne kariyar farko ta jariri. Wata shida nono zalla ko ruwa ba sai an ba shi ba, don nonon kansa sama da kashi 80 ruwa ne, amma a 2018 kashi 29 kacal na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke samun haka a Najeriya. Ga kuma kwanika, uwa ta samu ciki da goyo sai a cire yaro daga nono rana ɗaya a kai shi gidan kaka, da yawa daga nan ramar ke farawa.

Wannan abincin tamowa na leda, magani ne ko abinci?

Magani ne, kuma wallahi duk babban da ke siyansa a kasuwa yana lasa ya sani rabon wani yaro yake ci. Gyaɗa ce da madarar gari da sukari da mai da sinadaran bitamin, wani likita Bafaranshe André Briend ya haɗa shi a 1996. Kafin zuwansa sai an kwantar da yaro makonni a asibiti uwa ta bar sauran yara a gida, shi ya sa da yawa ba sa zuwa. A 2005 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta yi wa yara sama da 60,000 magani a Nijar mafi yawansu suna gida, uwa ta zo sati-sati a auna yaro ta karɓi na mako, kuma wannan na cikin hujjojin da suka sa a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da tsarin. Yawanci sati shida zuwa takwas yaro ya murmure. Sai dai yana ceton rai ne, ba ya gyara gidan da yaron zai koma.

To ba sakacin iyaye mata ba ne?

Ni dai ban yarda ba, kuma bincike bai nuna haka ba. A Mirriya ta jihar Damagaram ƙungiyar ALIMA da takwararta BEFEN ta Nijar sun koya wa uwaye, galibinsu ba su yi boko ba, amfani da ɗan tef ɗin nan mai launi uku da ake naɗawa a dantse, sai aka ga suna gano tamowa kamar yadda ma'aikatan lafiya na ƙauye ke ganowa, har ma suna kawo yara da wuri kafin abin ya kai ga kwanciya. A Jigawa da Zamfara kuma an yi wani shiri da Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar, ana ba mace naira 3,500 duk wata tun tana da ciki har yaro ya shekara biyu, haɗe da faɗakarwa a rediyo da huɗubar Juma'a don maza su ji. Masu bincike suka bi diddigi, kuɗin akasari a abinci suka tafi, wasu matan suka ja jari ko suka sayi dabbobi, tsumburewa ta ragu. Ba ta ɓace ba, amma ta ragu. Wato matar nan ta san ciwon ɗanta, abin hannu ne babu. Gaskiya ne 'ya'yan matan da suka yi karatu sun fi tsira nesa ba kusa ba, amma wa ya cire ta daga makaranta? Kuma wa ke riƙe da kuɗin cefane, wa ke ba da izinin zuwa asibiti? Maigida, wannan magana taka ce kafin ta zama tata.

Me ya sa yau a ce kaza na aiki, gobe wani bincike ya ce ba ya yi?

Saboda wuri ya bambanta. A Ekwado an ba yara ƙwai ɗaya kullum tsawon wata shida tsumburewa ta ragu sosai, aka maimaita a Malawi ba a ga bambancin tsayi ba, ana jin don yaran can dama suna samun kifi. Manyan gwaje-gwaje a Bangladash da Kenya da Zimbabuwe sun gina masai sun raba sabulu amma tsayin yara bai ƙaru ba, ba wai tsafta ba ta da amfani ba, gyaran gida ɗai-ɗai ne bai isa ba in duk unguwar kashin kaji ne da kwata a buɗe. Shi ya sa nake ganin jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai su ya kamata a ba kuɗi su yi gwajin da gero da zogale da waken suya da ƙuli-ƙulinmu.

A gida fa, ta yaya zan gane yaro na cikin haɗari?

In an samu tef ɗin, ga ɗan wata shida zuwa shekara biyar, a naɗa a tsakiyar dantsen hagu tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, kar a matse kar a sassauta. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a tafi asibiti a ranar. Ruwan ɗorawa a je a duba shi cikin kwanakin. In babu tef, a danna babban yatsa a bayan ƙafafunsa biyu a ƙirga uku, in rami ya zauna bayan an ɗaga to kumburin tamowa ne ba ƙiba ba. Yaron da ya ƙi nono ko abinci gaba ɗaya, ko yake amai da duk abin da ya ci, ko ya yi laushi ba ya ko kuka, shi kam ba a jira gari ya waye, kuma yawanci kwantar da shi za a yi a fara da madara ta musamman kafin a koma na leda.