Ladabtar da ɗalibi: ina iyakar malami a dokar ƙasa da ƙasa?

Ana cikin darasin lissafi, malam ya ba aji baya yana rubutu a allo, sai ya ji benci ya kife. Kafin ya waigo yara biyu sun kacame, ɗaya ya shaƙe wa ɗan'uwansa wuyan riga, ɗayan kuma ya zaro kamfas daga akwatin lissafi, tsininsa a sama. Malam ya yi wuf ya damƙe hannun mai kamfas har abin ya faɗi ƙasa, ya ture ɗayan gefe. Da ƙura ta lafa, zuciyarsa na tafasa, sai ya tsula wa kowanne bulala uku, ya sa su durƙusa a bakin ƙofa hannu a sama har a tashi.

A ma'aunin Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, abu biyu daban malamin nan ya aikata. Damƙe hannun da turewar babu laifi a cikinsu. Bulalar da durƙuson kuwa su ne ainihin abin da ake son a daina.

An amince da yarjejeniyar ranar 20 ga Nuwamba 1989, ta fara aiki a Satumban 1990, kuma ƙasashe 196 sun ɗaure kansu da ita. Amurka ta sa hannu a 1995 amma har yanzu ba ta tabbatar da ita ba. Yaro a wurinta shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba, sai dai in dokar ƙasarsa ta mayar da shi baligi kafin nan. Maganar horo a makaranta tana sashe na 28, sakin layi na 2, kuma gajeriya ce: gwamnatoci su ɗauki duk matakin da ya dace don ladabtarwa a makaranta ta kasance ta hanyar da ba ta zubar da mutuncin yaro a matsayinsa na ɗan Adam. Sashe na 19 ya ƙara da cewa a kare yaro daga duk wani cin zali na jiki ko na zuciya muddin yana hannun iyaye, ko mai riƙonsa, ko duk wanda aka damƙa wa kula da shi. Malami yana cikin wannan rukuni na ƙarshe.

Mai karatun tsanaki zai lura cewa babu inda aka ambaci bulala, kuma nan ne gardama ta daɗe tana tsayawa. Wasu ƙasashe sun riƙa cewa duka ɗan kaɗan, na gyara, bai kai cin zali ba. Kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar, mai ƙwararru 18 da ke zama a Jeniba, ya rufe wannan ƙofa a 2006 da sharhinsa mai lamba 8. Ya ce horon jiki shi ne duk hukuncin da aka yi amfani da ƙarfi a cikinsa da nufin yaro ya ji zafi ko takura, kome ƙanƙantarta. Ya lissafa mari, da duka da sanda ko bel ko takalmi, da shuri, da mintsini, da jan gashi ko kunne, da tilasta wa yaro tsayuwar da ke gajiyar da jiki. Ke nan kamun kunne da tsallen kwaɗo ba su tsira ba, ko da malam bai taɓa jikin yaron da hannunsa ba. Ya kuma haɗa da horon baki: wulaƙanci, tsoratarwa, barazana, da mai da yaro abin dariya. Malamin da ya ɗaga takardar jarrabawar yarinya yana karanta makinta da ƙarfi don aji ya yi mata ihu, shi ma ya taka layin.

Malamai da yawa, da iyaye ma, za su ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wanda ya taɓa tsayawa gaban aji mai yara tamanin ya san ba daga mugunta wannan magana take fitowa ba. Kwamitin bai ce a bar yara su yi abin da suka ga dama ba. Ya faɗa ƙarara cewa tarbiyya da ja-gora wajibi ne. Ya kuma yarda cewa wani lokaci malami zai gamu da yaron da ke neman raunata kansa ko wani, dole a riƙe shi. Sharaɗin shi ne a yi amfani da mafi ƙarancin ƙarfin da ake buƙata, na mafi gajeren lokaci, don kariya. Da zarar kamfas ya faɗi ƙasa hujjar ƙarfi ta ƙare. Abin da ya rage wa malam shi ne raba musu wurin zama, kiran iyaye, sa mai laifi ya gyara abin da ya ɓata, hana shi wata alfarma, ko kai shi gaban hukumar makaranta. Ko a can ma sashe na 12 ya ba yaro damar a saurare shi a kan duk abin da ya shafe shi. A ganina wannan ne sashen da aka fi takewa ba tare da an sani ba, domin sau nawa ake dakatar da ɗalibi ba a tambaye shi wa ya fara ba?

Akwai wani horo da ba a cika ɗaukarsa horo ba, wato hukunta yaro don ya yi magana da harshen gidansu. Tsohon abu ne. A ƙarni na 19, a wasu makarantun yankin Wales na Birtaniya, ana rataya wa yaron da aka ji yana yaren Wales wani ɗan katako a wuya, shi kuma sai ya kasa kunne ya kama wani ya miƙa masa, wanda aka tashi da katakon a wuyansa shi ke shan duka. Sashe na 29 ya ce cikin manufofin ilimi har da koya wa yaro girmama harshensa da al'adunsa, sashe na 30 kuma ya hana a tauye wa 'ya'yan ƙananan ƙabilu da na 'yan asalin wuri damar amfani da harshensu. Makaranta na da ikon cewa a darasin kaza da harshe kaza za a yi magana. Amma ta mai da harshen uwa abin kunya da ake rubuta suna a kansa, da wuya wannan ya dace da sassan nan biyu.

To, in malami ya saɓa, wa zai kama shi? Gwamnatoci yarjejeniyar ta ɗaure, ba malami kai tsaye ba, kuma sharhin kwamiti fassara ce mai nauyi, ba hukuncin kotu ba. Kowace ƙasa tana kai rahoto shekara biyu bayan ta shiga, daga nan sai duk shekara biyar, kwamiti ya yi mata tambayoyi ya ba ta shawarwari. Abin da zai hau kan malami a zahiri shi ne dokar ƙasarsa da ƙa'idar ma'aikatar ilimi, kuma nan ƙasashe suka sha bamban. Suwidin ta haramta dukan yara gaba ɗaya, har a gida, tun 1979. A Birtaniya sai da wasu iyaye mata biyu daga Sikotilan suka yi nasara a Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam a 1982, sannan majalisa ta hana duka a makarantun gwamnati a 1986. A Amurka kuwa Kotun Ƙoli ta yanke a 1977, a shari'ar Ingraham da Wright, cewa sashen tsarin mulki da ya hana azabtarwa bai shafi dukan ɗalibai ba, shi ya sa har yau wasu jihohinta suka bar shi a doka.

Tun 2014 akwai wata ƙarin yarjejeniya da ke ba yaro ko wakilinsa damar kai ƙara gaban kwamitin da kansa. Sai dai tana aiki ne kawai a ƙasashen da suka amince da ita daban, kuma sai an fara bin duk hanyoyin neman haƙƙi na cikin gida sun ƙare kafin a saurari ƙarar.